Na Soye Irin Kabewar Kakarki

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda ta same ki cikin mota kina zaune daidai, ba a danne miki ƙafa da buhun albasa ba. Allah shi tsare hanya gaba da baya, shi kai ki makarantar taku ta koyon jinya lafiya, shi sa direban yana da 'ya'yan da yake son komawa ya gani. Amin.

Da gemuna zan fara, don na ga tun da kinka dawo daga Geza kina satar kallonsa kina danne dariya. Na ce miki hannun wanzami ne ya goce. Ƙarya na yi wa bawan Allah, askarsa ba ta ko matso kusa da ni ba. Ni na ƙone abina da famfon da nake ba taya iska. Gawayi ne na ɗora kan murfin tukunya, na ga yana ci kamar wanda aka tilasta, na ce ni mai faci da famfo a hannu ba zan zauna ina kaɗa mafici kamar amarya ba. Na saita bakin roba, na duƙa don in ga aiki da kyau, na danna da ƙarfina duka. Uwata, wuta ta tashi ta gaishe ni. Ɗan'ige mai shayi da ke gefen shagona ya rugo da butar alwala yana kwara mini yana cewa, "Garba, yau kai anka babbake ko akuya?"

Amma gemu ƙaramar magana ce, zai tsiro. Babbar ita ce wadda Innarki ta ce in faɗa miki da bakina, bakina kuwa ya ƙi, shi ya sa na ari hannu. Na yanka kabewar iri, wadda ke bisa rumbu da jan ƙyalle a wuyanta. Na soye 'ya'yanta kaf. Suna cikin abin da ke naɗe ƙarƙashin wagga takarda. Kada ki jefar da shi ta taga tukuna, ki bari in gaya miki yadda anka yi, kuma wallahi yana da daɗi.

Kin tuna ranar da kinka nuna mini hoto a wayarki, wani abu yanka-yanka kamar sabulu, kinka ce kabewa ce da gyaɗa ake gasawa, mai gina jiki, guda ɗaya yana riƙe mutum tun safe har azahar? Kin faɗi sunansa da Turanci, na maimaita, kinka yi dariya har kinka riƙe ciki. Ke kin manta da zancen, ni kuwa ya tsaya mini a rai. Don na san ki. Ke ce kinka tafi jarrabawar ƙarshe ba ki karya ba, jiri ya kwashe ki, anka kawo mini ke bisa babur idonki fari fat. Kuma ke ce ba ki iya cewa kowa "sammini". Yanzu za ki inda ba Innarki da za ta bi ki har zaure da kwanon kunu.

Ni na san abin da yunwa take yi wa ɗan makaranta. Aji biyu na yi a makarantar kwana. Ba bulala ta kore ni ba, ba lissafi ba, duk da shi ma ya yi ƙoƙarinsa. Wata rana ce cikina ya yi ta kuka malami na magana ban ji ko ɗaya, na tsallaka katanga na nufi tasha. Can na tarar da masu dakon kaya a babur zuwa Lolo suna cin shinkafa da kifi, man ja har gwiwar hannu. Ɗaya ya ce, "Ɗan boko, matso." Na matsa. Har yau ban koma ajin nan ba, akwatina ma ban san wanda ya gada ba. To ki ji: in yunwa ta kama ki, kada ki yanke wata shawara. Ki ci abinci tukuna, sannan ki yi tunani. Rabin wautar da na yi a duniya da cikin wofi na yi ta. Ɗaya rabin kuwa na ƙoshi, ba ni da wanda zan ɗora wa.

Shi ne na ce sai na yi miki wanga abu da hannuna, ya zama guzurina gare ki. Innarki tana da yajinta da ƙulinta da za ta ba ki, ni kullum sai addu'a da kuɗin mota, kamar maƙwabci. Na so ki buɗe jaka ki ce wannan Baba ne ya yi. Ban gaya wa kowa ba. Na fara ɗaukar kabewar Innarki ɗaya-ɗaya daga bayan ɗaki, ina sawa a buhu ina kaiwa shago, kamar ɓarawon gidan kansa.

Gwajin farko, na dafa kabewa cikin ruwa tsundum, na dame ta da garin ƙuli, na zuba a faranti. Na sa yashi a gindin babbar tukunya yadda na ga mata masu kek suna yi, na ɗora farantin, na rufe. Da na buɗe, abin da na gani ba shi da suna. Fate ba fate ba, kunu ba kunu ba. Ɗan'ige ya leƙa ya ce, "Da ludayi ake yanka shi?" Ashe kabewa cike take da ruwa, sai an turara ta an matse a tsumma mai tsabta har hannu ya gaji. Matarsa ce ta aiko da wagga magana bayan ya kai mata labarina, kuma da na tambaye ta tun farko da ta faɗa mini kyauta. Girman kai ya hana: wai ni namiji in je tambayar girki. Uwata, can inda za ki, ba taya za ki riƙa taɓawa ba, jikin mutane ne. In ba ki gane abu ba, ki ɗaga hannu ki ce ba ki gane ba, ko da 'yan aji za su yi dariya. Dariyarsu ba ta kai la'asar. Ni wadda ake mini a tashar Bagudo ta shiga mako na biyu, kuma ina nan da raina.

Gwaji na biyu shi ne na waken soya. Kin ce abin yana son furotin, na ji ana cewa waken soya ya fi kowa, sai na kai inji anka niƙa mini shi ɗanye, na zuba ba tausayi. Ya fito da kyan gani, har na yi masa kirari. Ni da Ɗan'ige munka raba munka cinye. Ba zan ba ki labarin sallar la'asar ta ranar ba, ke ɗiya ce. Abin da zan ce kawai, na sake alwala har liman ya juyo ya dube ni, Ɗan'ige kuwa bai buɗe teburin shayi ba washegari. Waken soya sai an soya shi a kasko ya yi ja, ya yi ƙamshi, an surfe ƙaiƙayin, sannan a niƙa. Kada ki ba mutum abu don kin ji ana cewa yana da kyau. Ki san yadda ake ba da shi, da wanda ake ba.

Na uku kuwa na ji tsoron ruwa, na ji tsoron ɗanye, sai na cika ƙuli na bar shi kan wuta har na gama facin tayar wata motar rake. Da ya huce wuƙa ta ƙi shiga. Ɗan'ige ya ɗauka ya ƙwanƙwasa a benci ya ce a ajiye, in anka tara da yawa a yi wa masallaci katanga. Tun ranar sunansa ya zama tubalin kabewa, har yara masu talla in sun wuce sai su ce, "Baba Garba, an fara ginin?" Guda yana nan ina tokare tayar mota da shi.

Kina ganin kabewa tana ƙarewa, ko? Ni ban gani ba. Duk wadda na fasa sai in ɓare 'ya'yan in soya in zuba ciki, don kin ce su ma suna gina jiki. Innarki ta fara cewa akuyar maƙwabta ta koyi ɗaukar kabewa da guda. Ni na taya ta mamaki.

Sai ga ranar da kunka tafi sallama da dangi, Zagga da Kende da Geza, gida ya zama nawa. A lokacin na riga na gane kan abin, na san wanga karon zai yi. Na zaga bayan ɗaki, ba kabewa ko ɗaya. Na ɗaga kai, sai ga ta bisa rumbu, ƙatuwa, ta yi jawur, da ƙyalle a wuya kamar an yi mata kwalliya. Shekara da shekaru ina ganin Innarki tana ɗaura ƙyallen nan, ban taɓa tambayar dalili ba. A raina na ce alama ce ta wadda ta fi daɗi. To wa ya fi cancanta da wadda ta fi daɗi in ba Uwata ba? Na kafa tsani.

Bari in faɗa miki yadda na yi shi, don ki iya in kin samu wuri, kuma don in ɗan ji daɗi kafin in kai ga wurin kuka.

Da na fasa ta, cikinta ja kamar gwaiduwa, nama kauri, ba irin na kasuwa mai ruwa-ruwa ba. Na fere, na turara a madambaci har yatsa yana shiga, na zuba a tsumma na murɗe, na murɗe, har ta koma kamar tuwon da ya kwana. Na jiƙa dabino na cire ƙwallaye na kirɓa a turmi, shi ne zaƙin, ban sa sukari ko ƙwaya ba. Sai garin ƙuli mai laushi, da garin soyayyen waken soya kamar rabinsa, da ɗan garin gero don ya riƙe jiki. Riɗi cikin tafin hannu. Ƙwai na kajin Innarki, wannan ma wata shari'a ce amma an yafe. Zuma kaɗan, citta, kanumfari, gishiri ɗan taɓi. Sannan 'ya'yan kabewar, na ɓare su ɗaya bayan ɗaya da farce, manya-manya masu cika, na soya su sama-sama suna tsalle a kasko, na watsa ciki, na bar wasu na yaryaɗa a kai don ado. Na shafa man gyaɗa a faranti, na zuba, na danne da bayan cokali har ya kwanta lumui, kaurin yatsa biyu.

Yashin ki tabbata busasshe ne, ki bari ya yi zafi kafin ki ɗora faranti. Wuta kaɗan a ƙasa, gawayi kaɗan a murfi. A nan ne na yi aikin famfo. Bayan Ɗan'ige ya kashe ni, na zauna da mafici kamar kowa, ina kaɗawa ina jin ƙaurin gemuna, har wani ƙamshi ya taso ya danne shi. Uwata, ƙamshin nan! Masu jiran faci sunka bar benci sunka zagaye tukunya. Na soka tsinke ya fito fes. Na bari ya huce, da ƙyar na iya jira, na sa wuƙa, ta shige sumul. Na yanka su dogaye na mai da su tukunya sunka ƙara bushewa don su jure ajiya. Ɗan'ige ya gutsura yana addu'ar neman tsari, ya tauna. Ya sake gutsura. Sai ya ce, "Garba, rantse ba saye ka yi ba." Na yi rawa a bakin titi da rabin gemu, wani direba har ya danna mini oda. Wuta ba ta son gaggawa, ɗiyata, karatu ma haka. Abin da kinka ga yana ci a hankali, ki bar shi ya ci a hankali, kada ki kawo masa famfo.

Innarki ta riga ki dawowa, ke kin tsaya kwana wurin gwaggonki a Geza. Na tare ta tun daga zaure da faranti a hannu ina washe baki. Ba ta ko dubi gemuna ba. Idonta ya wuce ni ya hau rumbu.

Ta ce, "Malam, ina kabewata?"

Na ce, "Ga ta nan, ta samu ci gaba."

Ta ce, "'Ya'yan fa?"

Na nuna mata su a saman tubalin, sun yi ja, sun jeru gwanin kyau.

Na saba da faɗan Innarki, na san inda yake farawa da inda yake sauka, har ina taya ta wani wurin. Wanga karon ba ta yi faɗa ba. Ta zauna bisa turmi da mayafinta ba ta cire ba. Can ta ce, "Kai ko ka san daga ina irin nan ya fito?"

Ashe ranar da anka kawo ta gidana daga ƙauyensu na ƙetaren iyaka, kakarki ta ƙulla mata 'ya'yan kabewar nan a bakin zane. Ita ma haka uwarta ta ƙulla mata. A gidansu duk ɗiyar da za ta bar gida sai an ba ta nata ƙullin, ta shuka inda ta sauka. Kowace kaka Innarki tana zaɓen wadda ta fi ƙosawa ta ɗaura mata ƙyalle, ma'ana kowa ya kau da kai, sai ta bushe a fasa a ɗebi iri. Ta bana kuwa biyu za ta raba, rabi na gida, rabi naki. Ta ce ko ba aure ne ya fitar da ke ba, fita fita ce, ko a tsohon bokiti sai ki shuka a bayan ɗakin kwananku. Na ce maƙwabtan da take ba iri fa? Ta ce nasu ya daɗe da gauraya da na kasuwa, ba shi ba ne kuma.

Duk miyar taushen da na sha a gidan nan tun kafin a haife ki, ta wagga kabewa ce. Ina sha ina santi ina neman ƙari, ban taɓa cewa, wai ni wagga aba daga ina take ba. Wannan ya fi ƙona ni bisa ga gawayi. Uwata, duk inda kinka shiga kinka ga an ɗaura wa abu ƙyalle, ko an ajiye shi gefe, ko ana yin wani abu da ba ki ga dalilinsa ba, kada ki ce ai ba komai. Akwai dalili, kuma mai shi yana kusa, ki tambaye shi. Kuma masu yi miki hidima kullum, mai shara, mai dafa abincin makaranta, ki san sunansu da garinsu. Ni ko a kan matata ban yi haka ba.

Amma ki ji wani abu. Da na fita alwala na dawo, na tarar farantin ya ragu da guda biyu, Innarki kuwa ta juya mini baya tana tauna a hankali. Na ce, "Ya ɗan yi ko?" Ta ce, "Citta ta yi yawa." Ta miƙa hannu ta ɗauki na uku. Ita ce ma ta naɗe miki su a takarda da hannunta, tana naɗewa tana harara ta.

To ga yadda za ki yi da su. Guda da safe da ruwan zafi kafin ki shiga aji, ko kin makara ki ci a hanya, ba wanda zai kama ki. Kada ki ƙulle su a leda su yi gumi, ki bar su cikin takarda inda iska ke shiga. Kada ki yi musu rowa har su yi fumfuna, ba kayan gado ba ne, ko da yake in an bi ta wani wajen kayan gadon ne. Ki ba 'yan ɗakinku tun ranar farko. Wadda kinka ba yau ita za ta lura ranar da ba ki ci ba. In sun tambayi wanda ya yi, ki ce babanki, mai faci a Bagudo. Zancen gemu ki bar shi a gida.

Saura hukunci. Na koma inda na wanke 'ya'yan na tona ƙasa da yatsa, na samu 'yan ƙwayoyi da sunka zube gindin randa, shafaffu marasa ciki. Na shuka su a gwangwanin madara bayan shago, ina ba su ruwa safe da yamma, Ɗan'ige yana zuwa yi musu sannu. Har yau ba wadda ta leƙo. Innarki ta ce in bar wahalar da gwangwani. Wuri ɗaya ya rage: gorar da kakarki ke ajiye iri a ciki. Tsohuwa ta rage noma, ba mu san ko ta ajiye iri bana ba, ko ta rabar. Na ce to a kira waya a tambaya. Innarki ta ce, "A'a. Kai ka hau tsani, kai za ka tahi. Ka durƙusa gabanta ka faɗa mata abin da ka yi da bakinka."

Kin dai san ni da kakarki. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Gaisuwa daga bayan zana nake yi, takalmi a hannu. Ranar da na hango ta a kasuwar Lolo, bayan raƙuman gishiri na ɓuya har ta wuce, ɗaya ya tauna mini hula. Yanzu ni ne zan shiga har tsakar gidanta da fuskar nan, in ce na soye abin da uwarta ta ba ta. Innarki ta ce kuma in kai mata tubalin ta ɗanɗana, don ta san a kan mi anka kashe mata iri. Kwana biyun nan ina jingina taya da bango ina gwada jawabin a gabanta. Ko tayar ban iya kallo.

Allah shi yi miki albarka, Uwata. Shi buɗe miki kai, shi haɗa ki da malamai masu haƙuri da ƙawaye masu tsoron Allah. Shi tsare ki daga ciwo da sharrin hanya da sharrin baki, shi sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kinka taɓa. Ki riƙe salla a kan lokacinta. In kin sauka ki kira Innarki tukuna, sannan ni, don a yanzu ita ke da gaskiya a gidan.

Ranar kasuwa mai zuwa zan ɗaure faranti a bayan babur in ƙetara. Ki taya ni addu'a Allah shi sa akwai saura a gorar nan. In akwai, ƙulli biyu zan roƙa, na Innarki da naki, kuma naki ba zan ba direba ba, ni zan kawo miki har ƙofar makaranta in sa miki a hannu. Kafin nan ki nemi tsohon bokiti ki huda gindinsa ki ajiye.

Ni ne babanki,
Garba mai faci, mai rabin gemu.